SHARHI: Masu aikin sa-kai ne ke riƙe da tarihin jirgin ƙasa a Legas, wa zai riƙe na Arewa?

A ranar 10 ga Yunin 2021 ne Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan a katafariyar tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta. A unguwar guda, cikin harabar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, akwai wani tsohon bene mai faffaɗar baranda da aka gina tun 1898. Sunansa Gidan Jaekel. Sabuwar tashar da layinta sun tsaya ne da kuɗin gwamnati da bashin China. Tsohon benen kuwa yana tsaye har yau saboda wasu mutane da ba ma'aikatan gwamnati ba sun ɗauki nauyin gyara shi, suna buɗe ƙofarsa, suna zagayawa da baƙi suna ba su labarinsa.

Ga wanda ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro, batun zagayawa da baƙi a tsohon gini zai iya zama kamar shagalin masu ƙoshi. Amma a daidai wannan lokaci ake shimfiɗa sabon dogo daga Kaduna zuwa Kano da kuma daga Kano zuwa Maraɗi, kuma a cikin 'yan shekarun nan za a yanke makomar tsofaffin tashoshi da gidajen reluwe da sabon layin zai bari a baya. Abin da ya faru a Ebute Metta ya nuna cewa ginin da yake da masu ba da labarinsa yakan samu masu kare shi. Ya kuma nuna inda ƙarfin masu aikin sa-kai yake ƙarewa.

Gidan da ƙungiya ta ceto

An fara aikin layin dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. Gidan Jaekel na cikin gine-ginen farko da aka yi wa manyan jami'an reluwe a wancan zamani. Daga baya aka sa masa sunan Francis Jaekel, Baturen da ya daɗe yana aiki a hukumar, wanda ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Najeriya cikin juzu'i uku da aka buga a 1997.

Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, gidan ya lalace kamar sauran. Ƙungiyar Legacy 1995, wadda masu sha'awar tarihi da gine-gine suka kafa a shekarar da ke cikin sunanta, ita ce ta shiga tsakani. Tare da amincewar hukumar NRC, da jagorancin masanin zanen gine-gine Farfesa John Godwin, aka gyara gidan a 2010, aka mayar da shi ƙaramin gidan tarihi mai ɗauke da tsofaffin hotuna da kayan aikin reluwe. Ɗalibai na zuwa ziyara, masu ɗaukar hoto na hayar lambunsa, masu shirya fina-finai ma sun gano shi, ciki har da Kunle Afolayan da ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa October 1 a can. Da irin waɗannan kuɗaɗe da gudummawar mambobi ake lallaɓa wurin.

Wannan tsari ba a Najeriya aka fara shi ba. A 1951 wasu masu sha'awar jirgin ƙasa a yankin Wales na Birtaniya suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn da ke shirin rufewa suka ci gaba da tafiyar da shi da kansu, ya zama layi na farko a duniya da masu aikin sa-kai suka ceto. A Saliyo, inda aka rufe layin dogon ƙasar gaba ɗaya a tsakiyar shekarun 1970, kawunan jirgi da taragun da suka tsira a ma'aikatar Cline Town da ke Freetown su ne suka zama gidan tarihin jirgin ƙasa na ƙasar a 2005. A duk waɗannan wurare, ɗaiɗaikun mutane ne suka fara nuna damuwa kafin hukuma ta waiwayo.

Abin da jagoran baƙi yake yi

A Arewa maso Yamma, kalmar 'yan sa-kai ta koma tana nufin masu ɗaukar bindiga su shiga daji. Asalin ma'anarta ta fi haka faɗi: duk wanda ya ba da lokacinsa da iliminsa don amfanin jama'a ba tare da jiran albashi ba. Jagoran baƙi a gidan tarihi yana cikin wannan sahu, kuma aikinsa ya fi yadda ake zato nauyi.

Kafin ya tsaya gaban mutane, sai ya san shekaru da sunaye, ya san abin da kowane ƙarfe ke yi. Sai ya iya bayyana wa ɗan firamare yadda kwal da ruwa ke tura kan jirgi, da yadda tasha ke sanar da ta gaba cewa jirgi ya taso tun ba a san wayar salula ba, da dalilin da ya sa jirgi biyu ba sa haɗuwa a kan layi ɗaya. Sai ya iya amsa tambayar da kowane matashi zai yi: me ya hana jirgin Abuja zuwa Kaduna wucewa Kano a kan tsohon dogo? Amsar ita ce faɗin tsohon layi milimita 1,067 ne, na sabon kuwa 1,435, don haka jirgin wannan ba ya hawa wancan. Daga wannan amsa kaɗai baƙo zai fahimci abin da ya sa ake gina sababbin tashoshi a wasu wurare daban, ana barin tsofaffi.

Bayan ilimi, kasancewarsa a wurin ma tsaro ce. Mai zuwa kowane mako shi ne zai fara ganin inda rufi ke yoyo da inda gara ta kama katako, tun gyaran bai wuce kuɗi kaɗan ba. Ɓarawon ƙarfe yakan kauce wa wurin da mutane ke shiga da fita. Littafin da baƙi ke sa hannu kuma yakan zama hujja ranar da wani ya zo da takardar cewa ginin kango ne marar amfani.

Amma mafi girman abin da ke hannun jagora shi ne zaɓin labarin da za a ji. Bango ba ya magana, kuma takardu da hotunan da reluwe ta bari galibi Turawa ne suka rubuta su suka ɗauka. A cikinsu akwai sunayen gwamnoni da injiniyoyi, amma dubban mutanen da suka haƙa ƙasa suka ɗauki ƙarfe a ka sun fito ne a matsayin adadi kawai. Jagoran da ya tsaya a kan abin da ke rataye a bango zai maimaita labarin mai gidan ne. Wanda ya yi bincike zai iya faɗa wa baƙo wanda ya gina gidan, da wanda ke kwana a ɗakin bayi na bayansa, da abin da ake biyansa. A nan ne aikin da ake ɗauka na nishaɗi yake komawa na siyasa.

Labarin da ke jiran mai faɗa

In akwai yankin da jirgin ƙasa ya juya rayuwarsa, to Arewa ce. An fara layin Baro zuwa Kano a 1907 a zamanin Percy Girouard, injiniyan reluwe ɗan Kanada da ya gaji Lugard. Manufar ita ce a kawo kaya ta Kogin Neja zuwa Baro, jirgi ya ɗauka zuwa Kano. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗe shi da layin Legas ƙarƙashin hukuma ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914.

An yi aikin da araha, kuma talakawa ne suka biya bambancin. Ta hannun sarakuna da hakimai ake ɗebo leburori daga ƙauyuka, kowane gari da adadin da aka yanka masa. Ana biyansu da kuɗin Turawa, wanda ke komawa hannun gwamnati a matsayin haraji, ta haka kuma sule da kwabo suka riƙa ture wuri daga kasuwa. Masanin tarihi Michael Mason ya rubuta a kan wannan aikin tilas da tirjiyar da ya haifar, musamman a ƙasar Gwari. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe daga baya suka kai Lokoja, ya bar Waƙar Diga a kan aikin, ɗaya daga cikin 'yan muryoyin gida da suka rage daga wancan lokaci.

Talakawa ba su tsaya a matsayin waɗanda aka yi wa kawai ba. Turawa sun shimfiɗa dogon ne da fatan auduga don masaƙun Ingila, amma manoman Kano da fatakenta suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Tun a 1912 buhunan gyaɗa suka fi ƙarfin taragun da ke akwai, daga nan aka kama hanyar dalar gyaɗa da arzikin attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Dakta Shehu Tijjani Yusuf na Jami'ar Bayero, wanda ya yi bincike a kan garuruwan da ke bakin dogo tsakanin Kano da Zariya, ya nuna yadda ƙarfen reluwe da ake sacewa ya riƙa shiga maƙeru yana fitowa a matsayin kayan noma.

Jirgin ya ƙarasa kashe fataucin raƙuma tsakanin Kano da Tarabulus. Ya karkatar da cinikin goro da shanu zuwa kudu, abin da ya ƙarfafa unguwannin Hausawa irin su Sabo a Ibadan da Agege a Legas. Ya kawo akawu da makanikai daga Kudu waɗanda suka cika Sabon Garin Kano da na Zariya. Ya ba Kaduna dalilin zama hedikwata a madadin Zungeru. Rassa suka biyo baya: ƙaramin layin Zariya zuwa Jos don kuza a 1914, wanda aka rufe a 1957, Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, sai Maiduguri a 1964, aikin da ke da alaƙa da bashin farko da Najeriya ta ci daga Bankin Duniya, dala miliyan 28 a 1958. Tsohon layin gaba ɗaya ya kai kilomita 3,505, kuma mafi yawansa a Arewa yake.

Tarihin gwagwarmaya ma a kan dogon ya bi. Ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya ɗauki sama da kwana 40 ya girgiza mulkin mallaka. Akwai kuma babi mai ɗaci. A rikicin 1966, tashar Kano na cikin wuraren da aka kashe 'yan ƙabilar Ibo da ke neman hanyar komawa gida, kuma a cikin taragu aka dawo da 'yan Arewan da suka tsira daga ramuwar gayya a Gabas. Jagoran da zai tsaya a wannan tasha dole ya san yadda zai faɗi wannan da gaskiya, ba tare da ɓoyewa ko hura wuta ba. Aiki ne da ke buƙatar horo da natsuwa.

Duk da wannan tarin tarihi, babu wata tashar Arewa da ta yi suna a matsayin wurin da malami zai kwashi ɗalibansa ya kai su a zagaya da su, kamar yadda Gidan Jaekel ya yi a Legas. Kan jirgin da ya yi aiki a ƙaramin layin Zungeru a farkon ƙarni na 20 yana ajiye a tashar Minna. Gadar ƙarfen Lugard, da aka ɗauko daga Zungeru a 1954, tana lambun Gamji a Kaduna. Baro, inda aka fara komai, ta koma ƙauyen da zuwansa ke da wuya. Kayan suna nan a warwatse, masu haɗa su su zama labari ne suka yi ƙaranci.

Abin da ya sa lokaci ke ƙurewa

Tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a Yulin 2016, fasinjoji suka koma Rigasa, tsohuwar mahaɗar da ke kudancin Kaduna ta ƙara zama saniyar ware. An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, na Kaduna zuwa Kano kuma a Yulin shekarar. Duk ranar da suka fara aiki, hujjar kashe kuɗi a kan tsohon layi za ta ƙara raunana. An taɓa gyara shi har jirgin Legas zuwa Kano ya dawo a Disamban 2012, amma zirga-zirgar ba ta ɗore yadda aka yi alkawari ba.

Sai batun fili. Turawa sun kafa tashoshi a bayan gari, amma garuruwan sun girma sun haɗiye su. A yau filayen reluwe a Kano da Kaduna da Zariya da Jos suna tsakiyar kasuwanci, inda kowane taku ke da tsada. Hukumar NRC tana da kamfani na musamman da ke kula da kadarorinta yana ba da su haya, kuma ga hukumar da ke neman kuɗin shiga, jerin shaguna ya fi tsohon ofishin tasha kawo riba. Ba sai an yi mugun nufi ba kafin gini ya tafi. Ya isa a ce babu takardar da ta hana, kuma babu wanda zai yi ƙorafi.

Gyaran kundin tsarin mulki da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023 ya ƙara wani sabon ɓangare. Ya cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya ba jihohi damar shiga. Legas ta riga ta shimfiɗa jirginta na cikin gari, wanda ake kira Jan Layi, a kan hanyar NRC. Kano da Kaduna ma suna maganar nasu. Wannan ci gaba ne da jama'a ke buƙata, sai dai hanyar da ta fi sauƙin bi a cikin gari ita ce ta tsohon dogo, kuma faɗaɗa hanya yakan cinye abin da ke gefenta. Wanda ya tuna yadda aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a Kano a 2010 don faɗaɗa titi ya san yadda irin wannan shawara ke wucewa da sauri.

Daga ƙasa kuma 'yan jari-bola na nasu aikin. An sha kama manyan motoci maƙare da ƙarafan dogo da aka yanke, kuma hukumar NRC ta sha kokawa a kai. Maƙeran da suka ɗauki ƙarfen reluwe shekara ɗari da suka wuce 'yan guntaye suke ɗiba. Masu yi yau da injin yanka suke zuwa, kuma ba su bambance ƙarfen banza da tarago mai tarihi.

Hujjojin masu shakka

Akwai masu cewa waɗannan gine-gine alamun mulkin mallaka ne, kuma dogon an yi shi ne don kwashe arziki zuwa teku, don haka babu abin taƙama a cikinsu. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Taswirar layin da kanta shaida ce: daga gonar gyaɗa da ramin kuza zuwa tashar jirgin ruwa. Amma wanda ke son a san wannan zalunci ya fi kowa buƙatar ginin ya tsaya. Idan aka rushe tashar, an rushe wurin da za a nuna wa yaro inda kakansa ya yi diga. Kuma daga 1955, lokacin da aka kafa NRC, zuwa yau, 'yan ƙasa ne suka riƙa tuƙa jiragen suna zama a gidajen. Shekarun da gine-ginen suka yi a hannun 'yan Najeriya sun fi waɗanda suka yi a hannun Turawa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. A Birtaniya da Amurka, yawancin masu zagayawa da baƙi kyauta 'yan fansho ne masu abin hannu. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, kuma matasa masu digiri ke yawo babu aiki, neman mutum ya yi aiki kyauta na iya zama wata hanyar ci da gumin talaka. Akwai kuma haɗarin hukuma ta samu mafaka, ta sakar wa ƙungiyoyi nauyin da doka ta ɗora mata. Idan masu hali kaɗai ne za su iya yin aikin, labarin da za a ji ma nasu ne, da harshen da suka fi so. Duk tsarin da bai tanadi kuɗin mota da na abinci ga jagora ba, da takardar shaidar horo da za ta amfane shi wajen neman aiki, zai kori ainihin 'ya'yan unguwannin reluwe da suka fi kowa kusanci da tarihin.

Hujja ta uku ita ce aikin sa-kai ba ya tare katafila. Ilojo Bar, wani bene mai fasalin ginin Brazil da ke kusa da Dandalin Tinubu a Legas, yana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Masana da ƙungiyoyi sun daɗe suna fafutukar a gyara shi. A ranar 11 ga Satumban 2016, jajibirin Babbar Sallah, aka rushe shi. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ce, kuma tarar da ke cikinta da darajar Nairar wancan lokaci aka rubuta ta. Idan ginin da doka ta ambata da suna zai iya tafiya a rana ɗaya, to tashar da ba ta cikin kowane jeri ba ta da wata kariya.

Sai dai wannan ba ya rushe amfanin masu aikin sa-kai, yana nuna matsayinsu ne. A New York, zanga-zangar masu zanen gine-gine ba ta hana fara rushe tsohuwar tashar Pennsylvania a 1963 ba. Amma fushin da ya biyo baya ya taimaka wajen samar da dokar kare gine-ginen tarihi ta birnin a 1965, kuma da wannan doka aka ceci tashar Grand Central, har Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hakan a 1978. Doka ce ke tsayar da mai rushewa, amma 'yan majalisa ba sa yin doka a kan abin da babu mai tambayarsu. Kowane ɗalibi da aka zagaya da shi ƙarin mutum ɗaya ne da zai iya yin tambayar.

Inda za a iya farawa

Darasin Gidan Jaekel shi ne ba a jira babban gidan tarihi na biliyoyi ba. Gini ɗaya aka nema, aka yi yarjejeniya da mai shi, aka gyara, aka buɗe. Ɗaki ɗaya a tsohuwar tashar Kano ko Zariya ko Kafanchan ya isa farawa, muddin akwai rubutacciyar yarjejeniya da NRC da ta fayyace shekarun da za a riƙe shi da wanda zai karɓi kuɗin ƙofa.

Cibiyoyin da za su ba da ilimi suna nan kusa. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da sassan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da ke Zariya. Masu yi wa ƙasa hidima suna da ranar aikin raya al'umma kowane mako. Makarantu ma suna da buƙata: bayan cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare na sama da shekara goma, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a Nuwamban 2022. Malamin da aka ce ya koyar da mulkin mallaka zai fi samun kan ɗalibansa idan akwai tashar da zai kai su. Dole kuma a yi bayanin da Hausa da sauran harsunan yankin, domin yawancin waɗanda tarihin ya shafa ba da Turanci suka gaje shi ba.

Ga matasa masu bin siyasa, akwai tambayoyin da za a iya yi wa wakilai tun yanzu. Shin NRC na da cikakken jerin gine-ginenta masu tarihi, kuma za ta bayyana shi? Wane sharaɗi ke cikin takardun hayar filayen reluwe game da tsofaffin gine-gine? Jihohin da ke shirin jirgin cikin gari sun yi ƙidayar abin da hanyar za ta taɓa? Yaushe Majalisar Tarayya za ta sabunta dokar 1979? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan amsoshi a rubuce.

Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar izinin kowa. A unguwannin reluwe na Zariya da Kaduna da Minna da Kafanchan akwai tsofaffin direbobi da masu zuba kwal da masu sayar da tikiti da matan da suka yi tallar abinci a bakin tasha. Su ne suka san yadda aka yi aikin, kuma su ne jagororin da suka fi cancanta, ko malaman jagorori. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20 a 1964, shekarar da dogo ya isa Maiduguri, ya haura 80 a yau. Ginin da rufinsa ya faɗi ana iya sake rufa shi bayan shekara goma idan an samu kuɗi, amma ɗaukar muryar waɗannan dattawa aiki ne na bana, kuma wayar hannu da littafin rubutu sun isa a fara shi.